Izinin Gini da Dokar Tsara Gari: Tambayoyin da Masu Fili Suka Fi Yi

Tun rusau ɗin da aka yi a Kano a watan Yunin 2023, lokacin da katafila ta bi ta kan gine-ginen tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi, duk wanda ke da fili ko kango ya fara dube-duben takardunsa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi jefo mini a majalisa da wajen ɗaurin aure. Na amsa su a kan yadda abin yake a Najeriya, na kuma ɗan leƙa waje inda ya kama.

Malam, filin nan da kuɗina na saya. Ina ruwan gwamnati da abin da zan gina a kai?

A dokance ba ƙasar ka saya ba, haƙƙin zama a kanta ka saya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma takardar mallakar da yake sa wa hannu, wadda galibi shekara 99 take yi, tana ɗauke da sharuɗɗa. Ɗaya daga ciki shi ne abin da aka ba ka filin dominsa: gidan zama ne, ko kasuwanci, ko masana'anta, ko noma.

A nan mutane da yawa suke yin tuntuɓe. Takardar fili daban, izinin gini daban. Ta farko tana cewa filin naka ne. Ta biyu tana cewa an duba zanenka an yarda ka gina kaza a wuri kaza. Mutum zai iya riƙe da takardar mallaka mai kyau, amma ginin da ke kai ya zama haramtacce.

Me ake nufi da rarraba gari shiyya-shiyya?

Shi ne a ce nan wurin kwana ne, can na ciniki, can kuma na injina da hayaƙi. A Kano, Bompai da Sharaɗa da Challawa an keɓe su ne domin masana'antu. A kowace shiyya akwai iyakar tsawon bene, da yawan gidajen da za a cusa a filoti ɗaya, da kason filin da za a bari babu gini.

Ba Bature ne ya koya mana wannan tunani ba. Kakanninmu ba su ajiye majema a ƙofar fada ba, marina suna da karofinsu a Ƙofar Mata, maƙera da unguwarsu, fatake da baƙi kuma suna sauka a Fagge a wajen ganuwa. Abin da Bature ya kawo shi ne rubuta abin a takarda, kuma da nasa nufin. Dokar garuruwa ta Lugga ta 1917 ta raba wurin zaman Turawa da na 'yan ƙasa, aka riƙa barin fili mai faɗin yadi 440 tsakani wanda ba a gini a kai, wai don gudun sauro da cuta. Daga wannan tsari unguwar Nassarawa a Kano ta samu manyan filaye da itatuwa, Sabon Gari kuma ta samu cunkoso. Ko a Amurka, inda birnin New York ya kafa cikakkiyar dokar shiyya a 1916, Kotun Ƙoli kuma ta halatta tsarin a 1926, an daɗe ana amfani da shi wajen tare talaka da baƙar fata daga unguwannin masu hali. Don haka idan wani ya ce yana zargin dokar shiyya, ba daga sama ya tsinto zargin ba. Wuƙa ce: tana yanka nama, tana yanka yatsa.

Wace hukuma ce ke ba da izini?

Ta jiha. An yi dokar tsara birane ta tarayya a 1992, amma a 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta yanke cewa tsara gari hurumin jihohi ne, ban da Abuja. A Kano hukumar tsara birane ta KNUPDA ce, a Kaduna takwararta KASUPDA, a Abuja kuwa sashen kula da gine-gine na hukumar birnin tarayya. Shi ya sa ma'aunin tazarar da ake bari a kewayen gini da kuɗin izini suke bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma abin da abokinka ya yi a Zariya ba hujja ba ne a Gusau.

Sa hannun mai unguwa ko dagaci shaida ce ta ciniki, kuma tana da amfaninta ranar rigima. Amma ba izinin gini ba ce.

Filina awon igiya ne. Ni ma dokar ta hau kaina?

Ta hau. Kuma kai ne ka fi bukatar ka yi hattara, domin mai yanka gona ya sayar filoti-filoti ba ya son asarar ko taku ɗaya. Sai ya matse hanya, ya cinye wurin makaranta da na maƙabarta, wani lokaci har da kwarin da ruwa ke bi da damina. Kafin ka biya, ka je wurin a watan Agusta idan da hali, ka tambayi tsofaffin wurin inda ruwa yake kwanciya. Ka ɗaga kai ka duba wayar lantarki: babban layi mai ƙarfin kilobolt 330 yana da harabar mita 50, na 132 kuma mita 30, kuma duk abin da aka gina a ciki a bakin rusau yake. Sannan ka kai lambar filin ofishin ƙasa a duba maka ko gwamnati ta riga ta shata titi ta wurin. Dillali ba zai gaya maka ba, la'adarsa yake jira.

Me zan kai idan zan nemi izini?

Takardar fili, da taswirar safiyo, da zanen gini mai hatimin ƙwararren mai zane, da shaidar biyan haraji. Idan bene ne, sai an haɗa da lissafin injiniya kan rodi da ginshiƙai, wani lokaci da gwajin ƙasa. Gidan mai, otal, asibiti da makamantansu suna da ƙarin takardu na muhalli da na kashe gobara. Ka biya ta banki, ka karɓi rasit, ka ajiye kwafi a wurin aikin. Abin da ka miƙa wa wani a ƙarƙashin bishiya ba ya cikin fayil.

Me ya sa za a hana ni kai katangata bakin titi? Ai asarar fili ce.

Wannan ita ce tambayar da na fi so, don a nan fuskar gari take gyaruwa ko ta lalace.

Akwai wani layi da na sani tun ina yaro, motar ɗaukar yashi tana shiga ta juyo. Wani ya fara fito da dakali. Na kusa da shi ya ga ba a ce komai ba, ya haƙa shadda a waje ya rufe da silab. Na uku ya fasa zaurensa ya yi shago, ya miƙo rumfar kwano. Na huɗu ya ce shi ma ba bare ba ne, ya ja katangarsa gaba da bulo biyu. Ba wanda ya ci fiye da taku uku. Yau idan aka yi rasuwa a ƙuryar layin nan, a kafaɗa ake fito da makara har bakin titi, domin ko a-daidaita-sahu sai ta karkace take wucewa. Ranar da gobara ta tashi a wani gida, motar kwana-kwana a bakin layi ta tsaya, mutane suka koma bokiti.

Tazarar da ake cewa ka bari a gaba ta magudanar ruwa ce, da bututun famfo, da turken lantarki, da mai tafiya a ƙasa, da faɗaɗa titin da za a yi bayan ba ka. Ta gefe da ta baya kuwa iska ce da haske, kuma ita ke hana wuta tsallakawa daga rufi zuwa rufi. Wanda ya cike filinsa da gini dam, shi ne zai kwana yana fifita a watan Afrilu.

Maganar ruwa ma ba wasa ba ce. Kududdufan cikin birnin Kano, waɗanda aka haƙa garin ɗebo ƙasar gini, su ne suke shanye ruwan sama shekara da shekaru. Ana ta cike su da shara ana yanka filaye, ruwan kuwa ba ya manta hanyarsa. 'Yan kasuwar Kantin Kwari sun ga haka a daminar 2022, da ruwa ya shiga shaguna ya jiƙa dilolin atamfa da shadda.

To ban da tazara, hukuma tana da ikon ta ce ga launin fenti ko irin rufin da zan yi?

A wasu garuruwan duniya, ƙwarai kuwa. A birnin Ƙudus, tun 1918 zamanin mulkin Ingila aka wajabta lulluɓe fuskar gini da farin dutsen yankin, kuma har yau ana bi. A Faris ta Faransa doka ta ɗora wa mai gida ya wanke ko ya gyara fuskar gininsa duk shekara goma, kuma a ƙasar baki ɗaya, idan gidanka yana kusa da ginin tarihi, ko taga za ka sauya sai jami'in adana gine-gine ya duba. Tsohon birnin Jaifur a Indiya launin hoda ake shafa masa tun ƙarni na 19. A Washinton dokar 1910 ta ɗaure tsawon gini da faɗin titin da ke gabansa, shi ya sa babban birnin Amurka ba shi da dogayen benaye irin na New York. Sawo Fawulo ta Birazil kuwa ba ta taɓa fenti ba, allunan talla ta soke daga 2007, aka sauke dubbansu, mutane suka ga gine-ginen da suka manta da su.

A wajenmu abin bai kai nan ba, sai a rukunin gidaje masu ƙofa ɗaya, inda ka sa hannu tun wajen saye cewa ba za ka sauya fuskar gida ba, da kuma wasu sassan Abuja. Ita Abuja an zana ta ne tun kafin a gina ta: babban tsarinta ya fito a 1979, Kenzo Tange ɗan Japan ya tsara tsakiyar birnin, aka kuma tare a watan Disambar 1991.

Ra'ayina, kuma na san wasu abokaina masu zane ba za su so shi ba: hukuma ta tsananta a kan abin da ke cutar da wani, ta sassauta a kan abin da ya shafi sha'awa. Tsawon bene, layin katanga, kwata, allon tallan da ya tare mahaɗa, janareton da aka ajiye a kan hanyar mutane, duk waɗannan ana auna su da tef, kuma kowa zai iya ganin an yi adalci ko ba a yi ba. Amma da zarar doka ta ce gini ya zama "mai kyan gani", to an ba jami'i ɗaya damar ya ƙi zanenka don bai yi masa ba, kuma mun san yadda ake sa abu ya yi wa mutum. Garin da layukansa suka miƙe, kwatocinsa suke gudu, aka bar wurin bishiya a ƙofar gida, zai yi kyau ko da kowane gida da kalar fentinsa. Wanda aka cinye hanyarsa kuwa, ko da ruwan zinare aka shafe shi, sunansa lungu.

Maƙwabcina ya ɗora bene, tagarsa tana kallon tsakar gidana. Iyalina ba sa iya fitowa ba mayafi. Ina da magana?

Kana da ita, ta fuska biyu.

Ta fuskar hukuma, ka bincika ko izinin bene aka ba shi, ko na gidan ƙasa ya karɓa ya ɗora bene a kai. Wannan na biyun ya yi yawa, kuma ba sirrin gida kaɗai yake taɓawa ba, har rai. Tushen da aka haƙa don hawa ɗaya ba ya ɗaukar uku. Benen da ya rufta a titin Beirut a Kano a 2022, da mai hawa 21 na Ikoyi a Legas da ya kashe mutum fiye da 40 a 2021, sun isa wa'azi.

Ta fuskar shari'a kuwa, maganar tsohuwa ce. Duk wanda ya yi Risala a zaure ya wuce ta wurin da aka kawo hadisin "ba cuta, ba cutarwa", aka kuma ba da misali da buɗe tagar da za ta yaye sirrin maƙwabci, da buɗe ƙofa daura da ƙofarsa, da haƙa ramin da zai cutar da shi ko da a cikin mallakarka ne. Malaman Malikiyya sun kawo ma'aunin da ake jingina wa Sayyidina Umar: a ajiye gado a ƙarƙashin tagar, mutum ya hau ya tsaya, idan ya hango cikin gidan maƙwabci, a toshe ta. Ga kuma hadisin da ya ce idan aka yi saɓani a kan hanya a bar mata kamu bakwai. Magina na da sun san duk wannan ba tare da fayil ba. Shi ya sa tagogin soro suke ƙanana kuma a sama, zaure yake karkata baƙo kada idonsa ya faɗa cikin gida, indararo kuma ba ya zuba a katangar wani.

Kafin kotu, ka fara da sallama. Ka ɗauki dattijo ɗaya ko limamin unguwa ku same shi. Sau da yawa ɗaga tagar sama, ko sa gilashi mai duhu, ko ƙara bulo huɗu a kan katanga yana kashe maganar. Maƙwabci ba riga ba ne da za ka tuɓe.

Zan iya mayar da gidana makaranta, ko shaguna, ko gidan biki?

Sai ka nemi izinin sauya amfanin fili, kuma ana iya hana ka. Abin da ake dubawa shi ne wurin ajiye motoci, da hayaniya, da shara, da ko titin zai ɗauka. Manyan titunan da a da gidajen zama ne, irin su titin Gidan Zu a Kano ko Wuse ta biyu a Abuja, sun riga sun koma kasuwa, kuma babu mai mayar da su. Amma gidan biki a tsakiyar layi, da kiɗa har ƙarfe ɗayan dare da motoci a ƙofar kowa, zalunci ne ko da an samo masa takarda.

Na wayi gari na ga jan fenti a katangata. Shi ke nan?

A'a. Jan fenti yawanci kira ne: ka tsayar da aiki, ka kawo takardunka. Kuskure biyu ake yi. Na farko a shafe fentin a ci gaba da aiki da daddare. Na biyu a nemi wani "wanda ya san wani". Duka biyun suna ƙara maka asara ne kawai, don jami'in da ya kau da kai yau za a yi masa canjin wurin aiki, fayil kuwa yana nan.

Ka ɗauki hoton alamar da kwanan wata, ka je ofis da kanka, ka nemi a rubuta maka laifin ginin. Idan rashin izini ne kawai kuma ginin bai hau hanya ko magudana ba, sau da yawa ana cin tara a daidaita takardu. Idan kana ganin an zalunce ka, lauya zai iya nema maka umarnin kotu na dakatarwa, kuma gara ka nema tun katafila ba ta iso ba. Doka ta tanadi a ba da sanarwa da wa'adi kafin rusau. Hukumar da ta tsallake wannan ita ma ta taka doka.

Idan aka rushe, akwai diyya?

Idan gwamna ya karɓe fili mai takarda domin amfanin jama'a, kamar titi ko asibiti, akwai diyya, amma ta abin da ka gina ko ka shuka ce, ba ta kuɗin da fili yake yi a kasuwa ba. Idan kuwa ginin ba shi da izini, ko yana kan hanya, kada ka sa rai. Inda rigima take shi ne gwamnati ɗaya ta ba da fili da takarda, wata ta zo ta ce an ba da shi ba bisa ƙa'ida ba. Irin wannan kotu ce ke rabawa, kuma tana ɗaukar shekaru. Filin makaranta, da na asibiti, da na idi, da na maƙabarta, da jikin badala, ko da wace irin takarda aka nuna maka, ka riƙe kuɗinka.

Gidanmu na gado na ƙasa ne a cikin birni. Za a hana mu rushe shi mu yi na siminti?

In dai ba ya cikin wuraren da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta ayyana, da wuya a hana ku. Nan ne kaɗai nake ganin ya kamata a ce doka ta shiga maganar kamanni, kuma nan ne ta fi yin shiru. Ganuwar Kano, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu wajen ƙarni na 12, tana cikin abin da doka ta kare, amma kowa ya ga yadda aka yi ta yankar ta. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, masu nazarin gini daga ƙasashen waje suna zuwa kallon bakan-gizonsa. A Agadas ta Nijar, tsohon gari da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsawon mita 27 sun shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013, kuma wannan ya zo da sharaɗin a kiyaye kamannin unguwannin.

Sai dai ba adalci ba ne a ce wa magada su zauna a gidan da ke yoyo don baƙi su zo su ɗauki hoto. Yaɓe duk shekara kuɗi ne, azara ta yi tsada, masu iya makuba da zanen dagi suna ƙarewa. Idan gari yana son zankayensa, sai ya taya mai gida ɗaukar nauyinsu. In kun tashi gyara, ko zauren da fuskar gidan ku bari, ku yi na zamani daga ciki. Wanda ya taɓa yin azahar a soron ƙasa da bazara ya san abin da zai rasa.

Gaskiya, Malam, ba talaka kaɗai dokar nan take ci ba?

Sau da yawa haka ne, ba zan musa ba. Ana kwashe teburin mai shayi a bar filazar da ta hau kwalbati. A rusau ɗin Abuja na zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake minista, daga 2003 zuwa 2007, an taɓa gine-ginen manya, amma waɗanda suka fi kwana a waje mazauna unguwannin gefe ne da ba su da wurin zuwa. Kuma muddin neman izini zai ci watanni da zirga-zirga da kuɗin da ya kusa na buhunan simintin ɗaki guda, mai ƙaramin ƙarfi zai ci gaba da gini ranar Asabar da Lahadi, lokacin da ofis yake rufe.

Amma ka duba wanda rashin dokar yake ci. Mai hali idan layi ya toshe sai ya sayar ya koma sabuwar unguwa, idan ruwa ya shigo yana da bene. Wanda ɗakinsa na ƙasa yake zubewa a watan Agusta saboda wani ya gina shago a kan kwata, shi ne dai mai shayin nan. Abin da za ku iya yi a unguwa tun kafin hukuma ta waiwayo ku shi ne ku haɗu da mai unguwa ku auna faɗin layinku, ku rubuta, kowa ya sa hannu, ku kafa turaku a kusurwoyi. Ranar da wani ya sauke bulo a wajen turke, ku je masa ku goma tun lebura bai kwaɓa siminti ba.